Allurar baya ko ta barci: abin da na gani a ɗaurin bakin mahaifa

Cikina na huɗu yana da mako 13 aka ɗaure mini bakin mahaifa a wani asibiti a Kano, bayan ɓari biyu da na yi a jere, dukansu a wata na biyar, kuma ba tare da wani ciwon naƙuda na a zo a gani ba. Likitar mata ta ce bakin mahaifata ne ke buɗewa da kansa da zarar ciki ya fara nauyi, saboda haka za a zagaye shi da zare mai ƙarfi a tsuke, kamar yadda ake tsuke bakin zabira. Irin ɗinkin da ta zaɓa shi ne na McDonald, wanda aka sani tun 1957, domin ya fi ɗaya irin, wato na Shirodkar, sauƙin sakawa da cirewa. Ban yi gardama a kan ɗinkin ba. Abin da ya hana ni runtsawa shi ne yadda za a kashe zafin.

Na je asibiti da niyyar a sa ni barci gaba ɗaya, domin a gidanmu allurar baya, wadda ke kashe zafi a rabin jiki na ƙasa mutum yana farke, ba ta da suna mai kyau. Yayata, wadda aka yi wa tiyatar haihuwa sau biyu, a kanta take ɗora duk wani ciwon baya da ya same ta, ga kuma labarin shanyewar ƙafafu da kowa ya ji amma ba wanda zai nuna maka wadda abin ya faru da ita. Da likitan da ke kula da wannan allura ya zo gadona ana gobe aiki, na gaya masa ra'ayina kai tsaye. Ya ce: "Hajiya, zaɓi naki ne, amma ki bari na faɗa miki dalilin da ya sa na fi son ta baya." Ya bayyana cewa ana soka allurar ne a ƙasan inda lakar baya ta ƙare, kuma ɗan maganin da ake zubawa bai taka kara ya karya ba, don haka abin da ke kaiwa ga jariri kaɗan ne ƙwarai. Barci gaba ɗaya kuwa yakan buƙaci zura bututun numfashi a maƙogwaro, mai ciki tana cikin haɗarin abin da ke tumbinta ya taso ya shiga huhu, sannan tari da yunƙurin amai lokacin farkawa suna matsa wa ɗinkin da aka gama yi yanzu. Ya kuma tambaye ni ko ina karɓar allurar tsinka jini, domin wadda take karɓa sai an dakatar na wasu awanni kafin a taɓa bayanta. Na amince, ko da yake zuciyata ba ta kwanta ba.

Ƙorafina na farko a kan azumi ne. Shi likitan ya ce awa 6 ba abinci, ruwa kuma zan iya sha har zuwa awa 2 kafin aiki, amma a ɗakin kwanciya aka hana ni komai tun sha biyun dare, kuma ba a shigar da ni ɗakin tiyata ba sai bayan azahar. Ga mai ciki da laulayi bai gama sakinta ba, wannan wahala ce da ba ta da dalili.

Ita allurar kanta ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. An saka mini ƙarin ruwa, na zauna a bakin gado na rungume matashi na lanƙwasa baya, aka goge wurin da magani mai sanyi, aka yi ƙaramar allura ta kashe fata wadda zafinta bai wuce cizon cinnaka ba. Ta biyun, matsi kawai na ji. Cikin 'yan mintuna wani ɗumi ya sauko daga ƙugu zuwa tafin ƙafa, ƙafafuna suka yi nauyi kamar na aro, aka gwada ni da auduga mai sanyi har zuwa cibiya ban ji sanyinta ba. Jinina ya sauka, zuciyata ta tashi, na faɗa, aka zuba magani ta cikin ruwan, abin ya wuce nan take. Na kuma yi rawar ɗari wadda bargo bai hana ba.

Abin da ba wanda ya shirya ni a kansa shi ne kunya. Idona biyu, ƙafafuna a rataye, an ɗan karkatar da gadon kaina ya yi ƙasa, ina jin ƙarar ƙarafa da hirar ma'aikata, ina kuma jin ana taɓawa ana ja ko da yake babu zafi. Labulen da aka sa a ƙirjina ya taimaka, haka ma wata nas da ta riƙe hannuna tana cewa: "Maman biyu, saura kaɗan, ki ci gaba da salati." Aikin bai wuce minti 20 ba, kuma a ganina ladan zama a farke shi ne na ji bugun zuciyar jaririna da kunnena kafin a fitar da ni.

Ƙafafuna sun dawo bayan kimanin awa 3, na yi fitsari da kaina, na ci abinci da magariba. Washegari ciwon kai ya zo, irin wanda ke sara idan na zauna, ya lafa idan na kwanta. Dalilinsa ɗigar ruwan laka ta ƙofar da allura ta huda, kuma ƙorafina na biyu ke nan, domin sai da ya same ni aka gaya mini yana iya faruwa. Kwanciya, farasitamol da shayi mai kauri suka kai ni kwana 4 ya tafi, ba a kai ga toshe ƙofar da jinina ba, wanda shi ake yi idan ciwon ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Bayana kuwa tsamin wurin allura ne na 'yan kwanaki, ciwon da ya biyo baya a wata na bakwai kuma iri ɗaya ne da na cikina na fari, lokacin da ba allurar da ta taɓa ni.

Ban ce allurar barci ba ta da muhalli ba. Wadda jininta ba ya daskarewa da kyau ita ta fi dacewa da ita, kuma idan ɗinkin gaggawa ne, jakar ruwa ta riga ta leƙo, wasu likitoci sun fi son barci domin mahaifa ta saki jiki. Amma ga ɗinkin da aka tsara tun da wuri irin nawa, da za a sake tambayata ta baya zan zaɓa, sai dai zan nemi ganin likitan allura tun ranar awo, ba ana gobe aiki ba. A mako na 37 aka cire zaren a ɗakin haihuwa ba tare da wata allura ba, kuma 'yan mintunan nan sun fi ranar ɗinkin zafi.