close ko shutdown a soket ɗin TCP

Ƙanena, kan tambayarka ta wanne ya fi tsakanin close da shutdown wajen rufe soket ɗin TCP, wato ƙofar da manhaja ke aikawa da karɓar bayanai ta intanet: ka fara da shutdown da SHUT_WR (rufe ɓangaren aikawa kaɗai), ka ci gaba da karantawa har recv, umarnin karɓar bayanai, ya dawo maka da sifili, alamar ɗayan ɓangaren ya gama aikowa, sannan ka kira close. A jere haka.

A Garwa na koyi wannan, kuma da zafi na koya. Na haɗa wa kawuna mai sayar da hatsi wata ƙaramar manhaja a Linux, tana tura lissafin yini zuwa kwamfutar ɗansa a Marwa bayan sallar isha'i. Sai rahoton ya riƙa isa a gutsure, layukan ƙarshe na buhunan gero babu su. Har kawu ya fara kallon yaron shago da wani ido, abin ya dame ni ƙwarai. Kwana uku ina ɗora wa intanet laifi. Ashe ɓangaren Marwa kan turo ɗan saƙo cewa ya fara karɓa, ni kuma ban karanta shi ba nake kiran close. Idan ka rufe soket alhali akwai abin da ba ka karanta ba a cikinsa, Linux RST (saƙon katse haɗi nan take) yake aikawa maimakon FIN (saƙon cewa an gama aikawa), sauran da ke kan hanya kuwa sai ya salwanta. Ranar da na sa shutdown, FIN ya bi bayan bayanan a natse, ɗayan ya karɓe komai ya sallame ni, lissafi ya cika cif. Yaron nan har yau yana shagon.

Shi close, aikinsa mayar da lambar fayil ne, wato lambar da Linux ya ba soket ɗin. Idan ka yi fork, wato manhajar ta kwafi kanta ta zama biyu, ba ya ma yanke haɗin sai kowa ya rufe nasa. Dole dai ka kira shi a ƙarshe, domin shutdown ba ya sakin lambar, kuma yawancin injina lambobi 1024 suke ba ka kafin su ƙi buɗe sabo.

Abu ɗaya kada ka manta: sa iyakar lokaci da SO_RCVTIMEO yayin jiran sifilin nan. Layin wajenmu yana ɗaukewa ba sallama, sai manhajarka ta zauna jiran wanda ba zai dawo ba.

Sannan ka yi hattara da masu tallar manhaja a zaurukan WhatsApp, masu cewa tasu ba ta barin TIME_WAIT, wato ɗan jiran da haɗi ke yi bayan an rufe shi. Na taɓa saya, na yi da-na-sani. Da na buɗe ciki, SO_LINGER, saitin jinkirin rufewa, kawai suka sa a sifili, wato kowane rufewa RST ne, cutar da na baro suka sayar mini da kuɗina. TIME_WAIT daƙiƙa 60 ne a Linux, kuma yana kare sabon haɗi daga tsofaffin fakiti, wato guntayen bayanai, da suka makara. Idan sake tayar da sabar (manhajar da ke jiran haɗi) ne ke ba ka wahala, SO_REUSEADDR, saitin sake amfani da adireshi, ya ishe ka. Duk wanda ya ƙi nuna maka lambobin manhajar (code) da ya rubuta kafin ka biya, riƙe sefarka.