Baikon Wasa da Ya Rikiɗe Ya Zama Aure: Sharhi a Kan Wani Littafin Soyayya

A makon jiya na tsaya wajen wani mai sayar da littattafai da ke baza hajarsa a gefen tsohuwar kasuwar Terminus da ke Jos, wadda tun gobarar 2002 ba ta sake farfaɗowa ba, na tambaye shi abin da aka fi saye a 'yan kwanakin nan. Bai yi dogon tunani ba ya miƙo mini wani littafi mai kashi uku, ya ce, "Hajiya, wannan ake yayi, ko jiya sai da ya yanke mini." Na biya naira 3,000 na tafi da shi, kuma a cikin dare biyu na karance shi. Ba zan kama sunan marubuciyar ba saboda akwai wuraren da zan taɓa ta, amma duk mai bibiyar littattafan soyayya zai gane wanda nake nufi.

Labarin na wasu matasa biyu ne da suka tashi a layi ɗaya a Unguwar Rogo, suka yi Islamiyya tare, har ta saba kiransa Yaya kamar ciki ɗaya suka fito. Ita tana shekarar ƙarshe a Jami'ar Jos, baffanta kuma ya dage sai ya haɗa ta auren zumunci da ɗansa. Shi kuwa mahaifiyarsa ta sa shi a gaba da maganar aure tun da ya fara ɗaukar albashi. Sai suka ƙulla cewa zai turo magabatansa a yi baiko, a ja lokaci har ta gama shekarar bautar ƙasa, sannan su ce ba su daidaita ba, kowa ya kama gabansa.

Da na karanta wannan ƙulli na yi zaton zan ajiye littafin, domin irin wannan dabara ta fi dacewa da al'ummar da zobe ɗaya tsakanin saurayi da budurwa ya isa a ce an yi alkawari. A wajenmu baiko ba na mutum biyu ba ne. Sai manya sun taka sun je gaisuwa, an kai kuɗi, an raba goro da alewa a dangi da maƙwabta, waliyyi ya buɗe baki a gaban shaidu ya ce ya bayar. Abin da ya riƙe ni shi ne marubuciyar ta san haka, kuma a kansa ta gina kashi na ɗaya da na biyu. Ba ta bar ƙaryar ta tafi a banza ba. Tun ranar da kawunnan yaron suka dawo suna yaba karamcin gidan su yarinyar, mai karatu yake jin cewa waɗannan yara sun ɗauko dala ba gammo, kuma dattawa suka sa a cikin wasan da dattawan ba su san wasa ba ne.

Wurin da ya fi burge ni shi ne yadda soyayyar ta shigo ta ƙofar kunya. Babu wani dogon jawabi na bayyana abin da ke zuciya. Yarinyar da a da take faɗawa gidansu ba ko ɗar, ta buɗe tukunya ta zuba abinci da kanta, sai ga ta tana sauya hanya idan ta hango mahaifiyarsa, tana durƙusawa har ƙasa idan sun yi kiciɓis. Da fari don a yarda da su take yi. Daga baya ita kanta ta kasa bambance kunyar gaske da ta shiri, kuma kalmar Yaya da ta yi shekaru tana faɗi ba tare da ta ji komai ba ta fara yi mata nauyi a baki. Shi ma zancen da yake zuwa duk Alhamis da Lahadi don idon unguwa ya koma abin da yake ƙirga wa kwanaki, har ya fara tsayawa a shago yana zaɓen turare. Akwai wani dare na sanyin Disamba da suka zauna a zaure, hazo ya rufe layin, ta kawo masa shayi da ƙwai ta koma can nesa ta zauna, suka yi rabin sa'a suna maganar tsadar dankalin Turawa a Farin Gada saboda kowa na tsoron abin da zai fito daga bakinsa. Wannan babi kaɗai ya biya ni kuɗina.

Ta kuma yi hikima da ta sako wani malamin makaranta mai neman yarinyar da gaske, wanda ya janye da jin an yi baiko, yana mai kafa hujja da hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito na hana mutum nema a kan neman ɗan'uwansa. Mutumin kirki ya rasa damarsa saboda abin da babu shi, kuma yarinyar ta sani. Ba kasafai littattafanmu, tun daga waɗanda suka fara cika kasuwar Kano a shekarun 1980 har zuwa na WhatsApp da Wattpad na yau, suke tsayawa su dubi wanda masoya suka taka a hanya ba.

Kashi na uku ne ya karya mini gwiwa. Maimakon a ci gaba da zaren da aka kama, sai aka jawo wata tsohuwar budurwa daga Abuja mai bin bokaye, aka ƙara da haɗarin mota a hanyar Bauchi da kwanaki a asibiti, abubuwan da mun gaji da gani kuma labarin bai buƙace su ba. An ɓata shafi uku cur wajen lissafa kayan lefe, akwati bayan akwati, alhali ranar da asiri ya tonu, wadda mai karatu ya yi kashi biyu yana jira, shafi biyu kawai ta samu. Baffan da aka yaudara, aka sa ya janye maganar ɗansa a gaban dangi, ya yi faɗa kaɗan ya ce ya yafe. Duk wanda ya taɓa ganin yadda fasa baiko ke raba zumunci shekara da shekaru ya san dattijo ba ya haɗiye irin wannan cikin yini ɗaya. Ni da a ce babin bokan aka cire aka ba baffan, da littafin ya zama na ajiyewa.

Hausar marubuciyar mai daɗi ce, kuma ta san garin, domin ba ta sa mutum ya hau keke daga Terminus ya sauka a Rayfield cikin minti biyar ba kamar yadda wasu da ba su taɓa zuwa ba suke yi. Sai dai tana yawan cusa Turanci a bakin iyaye mata da ba za su yi shi ba. Bugun kuma yana da gyara. Takardar sirara ce har rubutun baya yana leƙowa, kuma ba a kula da haruffa masu lanƙwasa ba, ta yadda a wani wuri sai da na sake karanta jimla kafin na gane ƙasa ake nufi ba kasa ba. Wanda zai saya ya duba kashi na biyu tun a gaban mai shago, domin nawa ya zo da shafuka takwas a maimaice, wasu takwas kuma babu su. Da na mayar washegari mai littattafan ya sauya mini ba gardama, ya ce ni ce ta uku da ta dawo da shi.