Wata biyu 'yata ta yi a ajin rawar bale a Garwa, ga abin da na gani

A babban hutun bana, Yuli da Agusta, na sa autata mai shekara 9 a ajin rawa da wata cibiyar matasa ta buɗe a nan Garwa. Duk gidan sunan da na shiga sai matan unguwa sun tambaye ni ko wurin ya ci kuɗinsa, shi ya sa na ga gara in rubuta kowa ya karanta.

Mu nan idan aka ce bale, hankalinmu kan tafi ga ƙungiyar rawar gargajiya irin wadda ke wakiltar ƙasa a bukukuwa. Wannan kuwa ta Turawa ce. Daga fadojin Italiya ta taso, ta girma a Faransa, inda Sarki Luwi na 14 ya kafa mata cibiya a 1661. Shi ya sa har gobe sunayen motsinta da Faransanci suke a ko'ina: plié lanƙwasa gwiwa, tendu miƙa ƙafa, relevé ɗagawa a kan yatsu. Yaranmu 'yan boko sun tsinci dami a kala, don tun ranar farko suna gane abin da ake faɗa.

Kuɗin jaka biyar ne a wata, wato sefa 5,000, kwana uku a mako, awa biyu. Awar farko bale, ta biyun kiɗan ganga da rawar gida. Wanda ba shi da hali ana ɗauke masa, kuma na yaba da yadda malamar ta rufa wa iyaye asiri. Har aka gama, in ban da 'yar maƙwabciyata, ban san 'yar wa ke biya, 'yar wa ba ta biya ba.

Maganar sutura ce ta kusa hana mu. Surukata ta ga hoton 'yan bale a waya, ta ce ba dai jikarta ba. Na ce, "Hajiya, ki zo ki gani da idonki, in bai yi miki ba mu dawo tare." Muka je. Malamar ta gaishe ta har ƙasa, ta yi mata bayani cewa abin da take buƙatar gani gwiwa ce da idon sawu, don ta tabbatar gwiwa na bin saitin yatsun ƙafa, in ba haka ba yaro na iya jin rauni. Wando dogo da ba ya ja da ƙasa, riga mai sauka, ɗankwali ɗaure tamau, shi ke nan. Ajin 'yan mata daban, ba a ɗaukar hoto sai da yardar iyaye. Hajiya ta zauna a benci da carbinta awa guda cur. Da muka fito ta ce min, "Yarinya, wannan ai horo ne, bar ta ta yi."

Abin da ya fi taɓa ni wata yarinya ce da ba ta ji. Malamar ta tsayar da ita a sahun gaba, tana ƙirga ɗaya zuwa takwas da yatsu a gaban idonta. Mai gangar kuma ya koyi ɗaga hannu sama kafin ya buga, don ta ga saukar kiɗan. Mako na uku na ga 'yan ajin duka suna ƙirga da yatsu, ba wanda ya sa su. Uwarta na gefena a ranar, tana share ido da bakin mayafi.

Sai dai akwai gyara, kuma ba ƙarami ba.

Daɓen siminti ne. Rawar da ake tsalle a cikinta tana son daɓen katako mai ɗan dannuwa, wanda ke shanye nauyin saukar jiki. Mako biyu da farawa 'yata ta soma kukan ƙwauri da dare. Na yi magana, malamar ta rage tsalle, amma simintin na nan.

Babban abin da ya dame ni kuwa shi ne waɗanda suka daina zuwa. 'Yar maƙwabciyata an ba ta gurbi kyauta, ga ta da jiki mai laushi, malamar ma ta faɗa. Amma daga unguwarmu mai moto sefa 200 yake karɓa zuwa, 200 dawowa. Sau goma sha biyu a wata ya kama 4,800, kusan kuɗin ajin ke nan. Ga shi ƙarfe tara na safe ake shiga, lokacin da take kai wa uwarta tallan ƙosai. Na riƙa goya ta tare da tawa, amma tallan ba ni da yadda zan yi da shi. Sau biyar ta je. Haka wasu 'yan makarantar allo, Fillanci da Hausa kawai suke ji, malamar kuwa Faransanci zalla. Suka koma sahun baya suna kwaikwayo, daga nan na daina ganinsu. Da an sa ɗaya daga cikin manyan 'yan mata tana fassara, da ba a rasa su ba.

Na faɗa wa masu cibiyar cewa kyauta ba ta wadatar in wurin ya yi nisa. Misty Copeland, mace baƙar fata ta farko da ta kai matsayin babbar 'yar rawa a ƙungiyar bale ta Amurka mai suna American Ballet Theatre a 2015, tana da shekara 13 ta fara, a ajin kyauta na wata cibiyar matasa da ta riga ta saba zuwa. Anthony Madu, yaron Legas da duniya ta gani a 2020 yana juyi ba takalmi cikin ruwan sama, a makarantar kyauta ta unguwa ya koya. Ga maƙwabtanmu Chadi, inda Taigué Ahmed da ƙungiyarsa Ndam Se Na suka kai rawa har sansanonin 'yan gudun hijira. A kai ajin cikin unguwa, ko da kwana ɗaya ne a mako, a farfajiyar makarantar firamare bayan la'asar.

Takalmi kada ya tsorata kowa. Da safa ake yi, ko ƙafa haka nan. Na tsayuwa a kan tsinin yatsu ba a sa wa yarinya sai ta kai kamar shekara 11 ko 12, ƙafa ta yi ƙwari. 'Yata ta tambayi dalilin da ya sa duk takalman da take gani ruwan hoda ne. Malamar ta ce don su saje da fatar Turawa aka yi su, masu rawa baƙaƙe sun daɗe suna shafa wa nasu hodar kwalliya, a 2018 kuma kamfanin Freed of London ya fito da masu launin fatarmu. Ta zo gida ta ba Hajiya labari tiryan-tiryan.

Yanzu tana tsayawa a miƙe, ta rage kunyar magana a cikin mutane, da safe kuma takan dafa bakin taga ta yi plié ɗinta kafin ta sha kunu. In sun buɗe a hutun Disamba zan mayar da ita. Wadda za ta kai nata, ta tambayi irin daɓen tukuna, ta nemi maƙwabciyar da za su raba kuɗin moto, ta kuma cika wa yarinyar gorar ruwa, don randar wurin ba ta kaiwa ƙarshen awa biyu.