Gargaɗi ga 'yan'uwa a Makka da Jidda: riyal 3,800 na biya, aka kawo mini soso da sunan katifar roba ta asali

Assalamu alaikum. Kwana tara ke nan ina rubuta wannan bayani ina gogewa saboda kunya, amma jiya da daddare na ga tallar mutumin nan ta sake fitowa a wani zauren WhatsApp na 'yan gida, da sabuwar lamba amma hotunan nan dai su ne, sai na ga idan na ci gaba da yin shiru to da hannuna a cutar da za a yi wa wani. Riyal 3,800 ya karɓa a wurina da sunan katifar roba ta asali, wadda ake kira lateks, abin da ya kawo mini kuma soso ne. Riyal 3,800, kuɗin da na yi wata biyar ina tarawa domin mahaifiyata, wadda kullum take tashi sallar asuba tana dafe da baya saboda tsohuwar katifarta ta lotsa a tsakiya.

Masu cewa na yi gaggawa, har da surukina wanda ya faɗa mini haka a gaban yara, ina so su sani cewa wata biyu na yi ina bincike kafin na fitar da ko riyal ɗaya. Na san ana samun ruwan robar ne daga itacen da ake tsagawa, domin a shekarun da nake tuƙin babbar mota a gida na sha ganin gonakinsa a wajajen Sapele, farin ruwa yana ɗiga cikin ɗan kofi da aka ɗaure a jikin bishiya. Na san asalin itacen daga Brazil ne, kuma a yau Thailand ce kan gaba wajen nomansa, ga Indonesiya da Malesiya da Sri Lanka. Na karanta bambancin hanyoyi biyu da ake sarrafa shi. Akwai Dunlop, wadda aka fara a Ingila tun 1929, inda ake kaɗa ruwan har ya yi kumfa, a zuba a mazubi a gasa, sai ya fito da nauyi da ƙarfi. Akwai kuma Talalay, inda ake zuƙe iskar mazubin a daskarar da kumfar kafin a gasa, ita ta fi laushi kuma ta fi tsada. Ni da kaina na zaɓi Dunlop saboda Hajiya ba ta son abin da za ta nutse a ciki. Har robar da ake haɗawa daga man fetur na sani, na kuma san wasu suna cakuɗa ta da ta itace su sayar da sunan ta asali. Wanda ya san duk wannan ai ba za a ce da ka ya yi ciniki ba.

Abin da ya kayar da ni ɗan guntun samfuri ne. Mun haɗu bayan sallar isha a wurin mai shayi a Shara Mansur da ke Makka, ya buɗe bayan motarsa ya ɗauko wani yanki kamar faɗin tafin hannu biyu, ya ɗora mini a hannu ya ce, "Kawu, matsa ka gani da kanka." Na matsa, ya dawo nan take. Launinsa kamar na madara, da ramuka a jere waɗanda ƙusoshin mazubi suke bari, ga nauyi, ga ɗan warin roba. Wallahi wannan guntun na gaskiya ne, har gobe ina kan bakana a kan haka. Sai ya ce, "Kawu, tunda ta Hajiya ce ribar ma na rage, ai uwa ta kowa ce." Wannan maganar ce take dawo mini kowane dare. Bahaushe ne, ya ambaci unguwarsu a gida, ya san mutanen da na sani, ya ƙi yarda in biya kuɗin shayin. Na sake matsa guntun nan ya fi sau biyar ina jin daɗi, ban taɓa tambayar kaina ba ko katifar da ke sito a Jidda da abin da ke hannuna jinsi ɗaya ne. "Matsa ka gani da kanka." Na matsa kuwa, na gani, na tura masa riyal 1,500 kafin alƙalami tun ban tashi daga kan bencin ba.

Ranar Laraba aka kawo ta. A'a, Alhamis ce, domin ranar Larabar ce ya kira ya ce motar ta lalace a hanyar Jidda, in cika masa sauran riyal 2,300 ya sallami direba. Na cika. Kafin nan ma, tun a makon farko, ya turo mini hoton takardar shaida ta GOLS, wadda ake bai wa katifar da aƙalla kashi 95 cikin ɗari na robarta daga gonar da ba a sa mata sinadari ba ne. Na ga tambarin na gamsu. Sai bayan komai ya lalace ɗana ya faɗaɗa hoton, muka ga an yanke wurin sunan kamfanin, ranar ƙarewar takardar kuma ta wuce tuntuni. Ita irin wannan takarda tana ɗauke da sunan kamfani da lamba da ranar ƙarewa, ni kuwa tambari kawai na kalla.

In koma kan ranar da aka kawo ta. Katifa ce mai faɗin santimita 180, tsawo 200, kauri 20. Robar Dunlop takan kai kilo 70 zuwa 90 a kowace kubik mita, don haka katifa mai wannan girma dole ta haura kilo 50, kuma lanƙwashewa take yi idan an ɗauke ta, sai mutum biyu ko uku sun sha wahala. Yaro ɗaya ne ya saɓa ta a kafaɗa ya hau da ita bene na uku bai ko tsaya hutawa ba. Na gani da idona, zuciyata ta buga, amma na ce wa kaina wataƙila yaron ne mai ƙarfi, saboda na riga na biya riyal 3,800 kuma ba na son in yarda an cuce ni. Na nemi zif a jikin rigar katifar ban samu ba, an ɗinke ta ko'ina. Na kira shi, ya ce, "Kawu, idan ka farke ɗinkin garantin shekara goma ya tashi." Garantin da ko a takarda bai ba ni ba.

Hajiya ta kwana uku a kanta ba ta ce komai ba don kada raina ya ɓaci, sai matata ce ta gaya mini cewa tana tashi jiƙe da gumi duk da na'urar sanyaya ɗaki, kuma wurin ƙugunta ya fara yin rami. Na ɗora katifar a ma'auni, kilo 21. Na sa reza na farke gefe ɗaya. A sama akwai wani siririn shafi mai ramuka wanda kaurinsa bai wuce santimita biyu ba, shi ma ban tabbatar na itace ba ne, ƙarƙashinsa kuma guntayen soso ne kala-kala da aka manne da gam, irin wanda ake cusawa a kujerun falo masu araha. Wannan shi ne abin da na saya a kan riyal 3,800. Na ɗauki hoto na tura masa, alamar ya karanta ta fito, daga nan lambar ba ta sake shiga ba.

Akwai abin da ban so in faɗa ba, amma gara in faɗa. Tun a wurin mai shayi na tambaye shi fatura, wato rasit ɗin ciniki, ya ce idan sai da fatura to za a ƙara harajin kashi 15 cikin ɗari, amma tsakaninmu babu buƙata. Na lissafa na ga zan tsira da riyal 570, na amince. Ba kwaɗayi ba ne kamar yadda surukina yake nufi, mutum ne da iyali da kuɗin haya da sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, a gabansa. Tun watan Disamba na 2021 duk shagon da ke da rajistar haraji a ƙasar nan fatura ta kwamfuta yake bayarwa mai ɗauke da lambar QR, na san da haka, amma na tura kuɗina asusun wani mutum wanda sunansa ma ba ɗaya ba ne da wanda ya faɗa mini, ya ce na ƙaninsa ne. Ma'aikatar Kasuwanci tana karɓar ƙorafi ta lamba 1900 da kuma manhajar Balagh Tijari, sai dai ni ba ni da sunan shago, ba ni da lambar rajistar kasuwanci, ba ni da adireshin sito. Na je unguwar da ya kwatanta a Jidda ranar Asabar, na yi awa uku ina zagaye, babu wanda ya san shi. Na kai rahoto banki, ina jiran abin da za su ce.

Kada ku sayi katifar da ba ta da zif, kada ku biya sai kun ga cikinta kun ɗaga ta da hannunku, kuma babu fatura babu ciniki.

Hotunan hirarmu duka suna nan, da shaidar turawa guda biyu, ta riyal 1,500 da ta riyal 2,300, da hoton cikin katifar da na ma'auni. Ɗana yana rufe lambobin asusuna, idan ya gama zan saka su a nan. Duk wanda wani ya ɗora wa guntun roba a hannu daga bayan mota a Shara Mansur ko Misfala, ya yi mini magana mu haɗa abin da muke da shi. Guntun ma bai bar mini ba, bayan na gama matsawa ya karɓe abinsa ya mayar cikin mota.