Wace Manhajar Tsara Manazarta Ta Dace da Makarantunmu a Zamfara?

A duk shekara, idan lokacin miƙa kundin kammala karatu ya ƙarato, babu shafin da ke shan jan biro a ofishina kamar shafin manazarta. Ɗalibi zai kwashe watanni yana tattara bayani, ya rubuta babi biyar lafiya lau, sannan ya zo ƙarshen kundi ya zuba sunayen littattafan da ya dogara da su barkatai: wannan da shekarar bugu, wancan babu, wani da sunan maɗaba'a, wani kuma sunan gari kawai aka sa masa. Wannan ne ya sa malamai da ma'aikatan ɗakin karatu a Gusau da Ƙaurar Namoda da Talatar Mafara suke yawan tambayar juna wace manhaja ce ta fi dacewa a ɗora ɗalibai a kanta, musamman yanzu da kusan kowace daga cikinsu ta sake fuska, har wanda ya iya ta shekara biyar da suka wuce sai ya sake koyo. Na gwada da dama daga ciki tare da ɗalibaina, kuma ba zan ɓoye ba, akwai wadda zuciyata ta kwanta da ita.

Kafin a zo kan manhaja, dole ne a fara tambayar sashe irin tsarin rubuta manazarta da yake so, domin tsare-tsaren ma suna sauyawa. Yawancin sassan ilimi da na nazarin zamantakewa a wurinmu tsarin APA suke bi, wanda bugunsa na 7 ya fito a watan Oktoba na 2019 da canje-canje masu yawa. An daina rubuta garin da maɗaba'a take, an yarda a jera sunayen marubuta har 20 a shafin manazarta, kuma lambar DOI, wato lambar shaida ta musamman da ake ba maƙala, ta koma ana rubuta ta a matsayin cikakken adireshin intanet. Tsarin MLA ya fitar da bugu na 9 a 2021, na Chicago kuma bugu na 18 a 2024. Wani sashen har yanzu bugu na 6 na APA yake nema, kuma idan haka ne, shi ɗalibi zai bi, tunda mai duba kundinsa ne zai sa hannu. Don haka manhajar da ba ta barin mutum ya zaɓi bugun da yake so ta riga ta faɗi tun kafin a gwada ta.

Sai dai ma'aunin da na fi ba muhimmanci wani ne daban, kuma a shekarar 2021 na koye shi. Mutanen Zamfara ba za su manta da farkon watan Satumba na wannan shekara ba, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda aikin tsaro. Gusau ba ta samu sabis ba sai farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa sun jira har ƙarshen Nuwamba. A cikin waɗannan makonni ne wata ɗalibata, matar aure mai goyo, ta shigo ofis da kwamfutarta naɗe cikin ɗankwali, ta buɗe mini kundinta. Babi biyar sun kammala, cike da sunayen marubuta da shekaru a tsakiyar rubutu, amma shafin manazarta fari fat. Ta ce, “Malam, duk suna cikin intanet, a wani shafi nake tara su tun zangon farko.” Na ce, “'Yata, ba ki taɓa sauke su kin ajiye ba?” Ta girgiza kai. Madogara sama da hamsin ne, kuma wasu littattafan aro ta yi ta riga ta mayar. Sai da mijinta ya kai ta birnin Sakkwato, a lokacin da hanya ba ta da daɗi ko kaɗan, kafin ta iya kwafo aikin hannunta. Tun daga ranar, tambayata ta farko ga kowace manhaja ita ce: idan sabis ya ɗauke na wata guda, ina manazartan ɗalibi suke?

Zotero ce ta fi ba ni amsa mai gamsarwa. An ƙirƙire ta ne a wata cibiyar nazarin tarihi ta Jami'ar George Mason da ke Amurka, ta fara fitowa a 2006, kuma yanzu wata ƙungiya ce wadda ba ta neman riba take kula da ita. Kyauta ce, babu talla, kuma a kan kwamfutar mutum take zama. Duk littafin da ka shigar, da duk maƙalar da ka sauke, da bayanin da ka rubuta a gefensu, suna cikin jaka guda a kwamfutarka wadda za ka iya kwafa a filashi ka jefa aljihu. Ba a buƙatar data kafin a buɗe ta, ko a shigar da littafi da hannu, ko a saka madogara a tsakiyar rubutu. Tana haɗuwa da Word da LibreOffice da Google Docs, ta yadda ɗalibi yana cikin rubutu zai kira sunan marubuci, ita kuma ta sa shi a inda ya dace, ta ƙara shi a shafin manazarta bisa jerin haruffa. Idan mai duba kundi ya ce a koma daga bugu na 7 na APA zuwa na 6, zaɓi ɗaya za a sauya, kundin gaba ɗaya ya gyaru, domin tsare-tsaren da take iya amfani da su sun kai dubbai.

Ita ma ta sake fuska, kuma ya kamata a faɗi gaskiyar abin da hakan ya jawo. Bugunta na 6, a 2022, ya zo da wurin karanta PDF a cikinta, inda mutum zai ja layi a ƙarƙashin jimla ya ɗauke ta zuwa bayanansa tare da lambar shafinta. Bugunta na 7, a watan Agusta na 2024, ya sauya kamanninta gaba ɗaya: ya ƙara mata sauri, ya kawo baƙin allo ga mai aikin dare, ya ba da damar karanta littattafan na'ura samfurin EPUB, sannan bayanan da a da suke rarrabe a ƙananan shafuka na gefen dama suka koma jere daga sama zuwa ƙasa. Ɗaliban da suka saba da tsohuwar sun yi kwana biyu suna lalube, kuma wasu ƙananan kayan ƙari da ake liƙa mata sun daina aiki sai da masu su suka sake rubuta su. Amma ban ga wanda ya rasa madogara ko ɗaya ba, kuma wannan shi ne bambancin sauyin da ya zo ya sami kayanka a hannunka da wanda ya zo ya same su a ɗakin wani.

Akwai wani abu da ya shafi masu nazarin Hausa da tarihi da addini, waɗanda rabin madogararsu ba ta cikin kowane rumbu na intanet. Zotero tana da gurbin kundin digiri da ba a buga ba, da rubutun hannu, da hira, da shirin rediyo, da faifan murya, wanda ke nufin mai nazarin waƙoƙin makaɗan fada ko takardun ajami yana da inda zai sa kowanne. Tana karɓar ɓ da ɗ da ƙ ba tare da ta mayar da su alamar tambaya ba. Tana kuma barin mutum ya raba suna yadda ya ga ya dace, abin da ke da amfani ƙwarai a wurinmu, inda marubuci kan ƙare sunansa da garinsu, Gusau ko Bunguɗu ko Argungu, wani kuma sunansa ya fara da Ɗan. Sunan hukuma ko ma'aikata ana iya sa shi a gurbi ɗaya don kada ta datsa shi biyu. Dabara guda da nake koya wa kowa ita ce ya rubuta “ha”, wato alamar harshen Hausa, a gurbin harshe idan littafin na Hausa ne, domin hakan na hana ta ɗora wa taken dokar manyan baƙaƙe ta Ingilishi.

Ba ta rasa aibu. Ba a fassara ta zuwa Hausa ba, kuma cikakken amfaninta sai da kwamfuta, alhali da yawan ɗalibanmu waya kawai gare su. Akwai ta waya, amma ta karatu da tara bayani ce, ba ta saka madogara cikin kundi ba. Ma'ajiyarta ta intanet megabait 300 kawai take bayarwa kyauta domin fayiloli, ko da yake bayanan littattafan kansu ba su da iyaka. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, ta littattafan da aka buga a Zariya ko Kano ko Sakkwato sau da yawa ba ta jawo komai, sai an shigar da hannu. Ga mai waya kawai, masu Zotero sun buɗe ZoteroBib a 2018, shafi ne mara talla wanda ba ya neman rajista, amma a cikin burauzar wayar yake ajiye jerin, don haka a riƙa kwafe shi zuwa takarda a duk zama.

Sauran ba za su ɗauke mu lokaci ba. Mendeley, wadda kamfanin Elsevier ya saya a 2013, ta fi ba da wurin ajiya kyauta, gigabait 2, amma ta janye manhajojinta na waya a 2021, ta kuma daina ba da tsohuwar ta kwamfuta ga masu saukewa a Satumban 2022, ni kuwa ba na son in koyar da abin da mai shi ke yawan janyewa. EndNote tana da ƙarfi, kuɗinta ne ya fi ƙarfin ɗalibi. NoodleTools an gina ta ne musamman domin makarantu, malami yana iya leƙa aikin ɗalibi ya bar masa gyara, tsari mai kyau ƙwarai, sai dai da dala ake biya kuma ba ta motsi sai da intanet. EasyBib da Citation Machine da Cite This For Me duk na kamfanin Chegg ne, kuma tallar da ke cikin na kyautarsu tana cinye data. Abin tsara madogara da ke cikin Word kuwa a bugu na 6 na APA ya daɗe da tsayawa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a 'yan shekarun nan ya wuce zaɓin manhaja, wato madogarar jabu. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT suna iya rubuta madogara mai kyan gani, da sunan marubuci na gaskiya, da sunan mujalla ta gaskiya, da shekara da lambar shafi, alhali ba a taɓa rubuta maƙalar ba. Ko manyan masana ba su tsira ba: a 2023 wata kotun tarayya a birnin Niyok ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ChatGPT ya ƙaga musu, a ƙarar da wani fasinja ya shigar da kamfanin jiragen sama na Avianca. Bara wani ɗalibi ya kawo mini shafin manazarta tsaf, ko waƙafi ban samu na gyarawa ba, kuma tsabtar ce ta sa na yi shakka. Na zaunar da shi kusa da ni, muka ɗauki lambar DOI ta farko muka liƙa a bayan adireshin doi.org, shafin ya ce babu irin wannan lamba. Ta biyu ta buɗe, amma maƙalar da ta fito a kan kiwon kifi take, shi kuwa kundinsa a kan koyar da karatu a firamare ne. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Wallahi Malam, a shagon kwamfuta aka haɗa mini.” Na yarda da shi, domin kuɗi ya biya, bai san abin da aka sayar masa ba.

A nan ne nake roƙon ɗalibai da iyaye su yi hattara da wasu masu shagunan buga takardu, ba duka ba, domin akwai masu amana a cikinsu da muka daɗe muna aiki tare. Akwai mai cewa ka kawo taken kundinka ya cika maka manazarta talatin kafin la'asar. Akwai mai sayar da EndNote ta sata a filashi, wadda sau da yawa takan zo da ƙwayar cutar da za ta lalata kundin da ake son gyarawa. Akwai ma mai karɓar kuɗi da sunan lasisin Zotero, alhali babu wani lasisi da ake saye. Ladan ɗora ta a kwamfuta daban ne, wannan haƙƙinsa ne, amma daga zotero.org kaɗai ya kamata a sauke ta. Sannan ga mujallun cin kuɗi, masu buga duk abin da aka turo musu cikin mako guda muddin an biya, irin waɗanda Jeffrey Beall, wani ma'aikacin ɗakin karatu a Amurka, ya riƙa tattara sunayensu har zuwa farkon 2017 da ya rufe jerin. Babu manhajar da za ta gane maka waɗannan, domin duk abin da ka ba ta za ta tsara shi da kyau, gaskiya ne ko ƙarya. Iyakar taimakon da Zotero take yi shi ne, tun 2019 tana sa jar alama a kan maƙalar da mujallarta ta janye, bisa bayanan Retraction Watch, shafin da ke bibiyar maƙalun da aka janye.

Binciken ba shi da wuya. Lambar DOI ta gaskiya da 10 da ɗigo take farawa, kuma dole ta kai ka ga maƙalar da aka ambata, da takenta da marubucinta. Idan babu lambar, a nemi taken a shafukan neman maƙalu irin su Crossref ko Google Scholar, a duba sunan mujallar a rumbun mujallu na DOAJ, ko a na AJOL idan ta Afirka ce. Littafin gida da ba ya intanet kuwa, ɗalibi ya ɗauki hoton bangonsa da shafin da ke ɗauke da shekarar bugu da sunan maɗaba'a, ya liƙa hoton a jikin madogarar cikin Zotero. Yanzu duk wanda zan duba wa kundi, a makon farko muke ɗora manhajar tare, ya shigar da littattafai uku da hannunsa a gabana, ya kwafi jakarsa a filashi, kuma ranar miƙa babi na biyu nakan zaɓi madogara biyar daga jerinsa in ce ya buɗe mini su ɗaya bayan ɗaya.