Yankari da Ƙananan Yara da Tsofaffi: Sharhi a Kan Hidimar Masu Shirya Tafiyar Iyali

Duk magidancin da ke zaune a Bauchi ya san irin tunanin da ake shiga idan hutun makaranta ya zo daidai da zuwan dangi daga nesa, gida ya cika da yara, kowannensu yana tambayar inda za a kai su. Mafi yawanmu mukan ƙare a wuraren wasan yara na cikin gari, inda ake hawa lilo, a sayi alewa da askirim, a dawo gida kafin magariba. A wannan karon mun zaɓi mu kai iyali Yankari, kuma saboda muna da yawa, ga ƙananan yara, ga mahaifiyarmu wadda ƙafa ke damunta, ga iyalan yayana da suka zo daga Gombe, sai muka ɗauki wani kamfani na cikin garin Bauchi mai shirya irin wannan tafiya, wanda ya yi alkawarin mota da abinci da ɗan rakiya da kama ɗakuna. Ra'ayina a taƙaice shi ne Yankari ta cancanci kuɗin da aka kashe da gajiyar da aka sha, amma kamfanin ya tsara tafiyar ne kamar zai kwashi samari 'yan jami'a, ya manta cewa ayarin iyali yana tafiya ne da saurin wanda ya fi kowa rauni a cikinsa.

Wanda bai taɓa zuwa ba ya kamata ya fara sanin girman wurin, domin a kansa ne duk wani shiri ya rataya. Dajin Yankari yana cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri, faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244, an keɓe shi a 1956, aka buɗe shi ga jama'a a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe shi a 1991, sannan ya dawo hannun Jihar Bauchi a 2006. Daga Bauchi ana bin hanyar Gombe ne har Dindima, a karkata kudu zuwa ƙofar dajin da ke Mainamaji. A nan ne yara suke ɗauka an iso, su fara tafi da ihu, alhali daga ƙofar zuwa sansanin Wikki inda ɗakunan kwana suke akwai sauran tafiyar fiye da kilomita 40 a cikin daji, kuma ba a gudu a wannan hanyar saboda dabbobin da ke tsallakawa. Idan aka haɗa duka, tafiyar ta haura kilomita 100, wadda ga babba ba komai ba ce, amma ga yaro ɗan shekara uku da ke zaune a cinyar uwarsa doguwar hanya ce ƙwarai.

A nan ne kamfanin ya fara gazawa. An ce mana mota za ta tsaya a ƙofar gida bayan sallar asuba, ba ta iso ba sai da hantsi ya dubi ludayi, kuma na'urar sanyaya iskar da aka sa a cikin farashi ba ta aiki. Wannan jinkirin shi ya ɓata tsarin yinin gaba ɗaya, domin ya jefa mu cikin zafin rana a hanya, ya kuma sa muka isa Wikki yara sun galabaita, ƙaramar cikinsu tana kuka, Hajiya kuma ƙafafunta sun kumbura saboda dogon zama. Sai dai dole in yi wa direban adalci. Dattijo ne mai haƙuri wanda bai taɓa nuna gajiya da yawan tsayawar da yara suke sa shi ba, yana lura da lokacin salla ba tare da an tuna masa ba, kuma da ya ga halin da Hajiya ke ciki, shi da kansa ya sauya mata wurin zama zuwa gaba, ya ce mata, «Hajiya, ki miƙe ƙafar a nan, sauran tafiyar ba ta kai wadda muka baro ba.» Wannan kulawar tasa ce ta kansa, ba tsarin kamfani ba ce, kuma ita ce mafi kyawun abin da muka samu daga hannunsu.

Abinci kuwa ba ni da ƙorafi a kansa. Sun zo da masa da miyar taushe a cikin kuloli masu riƙe zafi, da dafaffen ƙwai, da zoɓo mai sanyi, da ruwan gora isasshe, kuma matar da ta haɗa abincin ta yi tunanin rage yaji a kason yara. Abin da ya kamata kowane mai zuwa ya sani shi ne a sansanin Wikki ba kai kaɗai ne kake da sha'awar abincinka ba. Manyan birai suna yawo a tsakanin ɗakuna ba tare da tsoron mutum ba, gadu kuma yana kiwo a kan ciyawa yana durƙushe a gwiwoyinsa na gaba, har ka wuce ta kusa da shi bai ɗago kai ba. Muna cikin sauke kaya wani babban biri ya tako a hankali, ya zauna nesa kaɗan yana kallon hannun ɗan yayana da ke riƙe da ledar biskit, kafin wani ya ankara ya fizge ledar ya haye rufin ɗaki, ya yage ta da haƙora yana ci yana kallonmu. Yaron bai ji ciwo ba, amma ya firgita sosai, kuma tun daga lokacin ƙa'idar da muka bi ita ce a ci abinci a cikin ɗaki, a kulle ƙofa da taga, kada yaro ya fita da komai na ci a hannunsa. Ɗan rakiyar da kamfanin ya haɗa mu da shi ya san wannan hali na biran, kuma tun a mota ya kamata ya gargaɗi iyaye, amma bai yi ba sai bayan abin ya faru.

Babban abin da ya raba ni da tsarin kamfanin shi ne yawon kallon namun daji. Saboda mun makara, sai ɗan rakiyar ya matsa a fita nan take da tsakar rana don a cika abin da ke rubuce a takardarsa, alhali duk wanda ya san daji ya san cewa a wannan lokacin dabbobi suna kwance a inuwa, sai da sanyin safiya ko da la'asar suke fitowa neman ruwa. Yayana ne ya tsaya kai da fata ya ce yara ba za su sake shiga mota ba sai sun huta, muka ɗage fitar zuwa washegari da sassafe, kuma da ba a yi haka ba da mun biya kuɗin kallon bishiyoyi kawai. Ma'aikacin dajin da ya shiga mota tare da mu ya burge ni, domin yana gane sawun dabba a ƙasa tun mota tana tafiya, yana kuma yi wa yara bayani da Hausar da za su fahimta. Mun ga ɓauna a gefen kogin Gaji, mun ga mazo da gwambaza, da tsuntsaye iri iri waɗanda aka ƙidaya fiye da nau'i 350 a dajin. Giwa kuwa sawunta da kashinta da rassan da ta kakkarya kawai muka gani. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san cewa giwayen Yankari, duk da suna cikin garke mafi girma da ya rage a Najeriya, ƙiyasin da ake yi ya sa su tsakanin 100 zuwa 150 ne a cikin wannan makeken daji, kuma don kare su daga mafarauta ne ƙungiyar WCS mai kare namun daji take aiki tare da gwamnatin jiha tun 2014.

Saboda haka ina ba iyaye shawara kada su yi wa yaro alkawarin giwa ko zaki, kamar yadda kamfanin ya yi a takardar tallarsa mai ɗauke da hotuna. Yankari daji ne, ba gidan zu ba ne inda dabba ke tsaye a keji tana jiran mai kallo, kuma yaron da aka cika wa kunne da alkawari zai dawo yana ganin an yaudare shi ko da ya ga abubuwa masu ban sha'awa. Wanda yaransa suka ƙwallafa rai a kan raƙumin dawa da jakin dawa, ya fi masa sauƙi ya kai su gandun Sumu da ke Ƙaramar Hukumar Ganjuwa, inda aka kawo irin waɗannan dabbobi daga Namibiya a 2006. Haka kuma lokacin zuwa yana da muhimmanci, domin da rani, daga ƙarshen Disamba zuwa Afrilu, ciyawa ta bushe kuma dabbobi suna taruwa kusa da kogi, da damina kuwa daji yakan rufe, ruwa ya wadata ko'ina, dabbobin su watsu. A sa wa yara riga mai dogon hannu, saboda ƙudan tsando yana cizo a hanyar dajin.

Abin da ya biya mu duk wahalar tafiyar shi ne ruwan Wikki, kuma a ganina iyalin da ke da ƙananan yara ya kamata su ɗauke shi a matsayin ainihin dalilin zuwansu, kallon dabbobi ya zama ƙari. Ruwa ne da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa yana nan a kan digiri 31 dare da rana, rani da damina, yana kwarara zuwa kogin Gaji. Tsabtarsa ta kai mutum yana tsaye a ciki yana ganin yatsun ƙafarsa a kan farin yashin da ke ƙasa, bishiyoyi kuma sun yi masa rumfa ta yadda rana ba ta dukan mai wanka. Ƙaramar 'yata, wadda ko a gida sai an yi dambe kafin a yi mata wanka, ta zauna a bakin ruwan tana ɗebo yashi da hannu tana sakinsa, tana kallon yadda yake nutsewa, har aka yi ta lallashinta kafin ta yarda ta fito. Hajiya ma, bayan mun riƙo ta a hankali ta sauko matakalar da ke gangarawa wurin, ta tsoma ƙafafunta a ruwan ta daɗe a zaune, ta ce wa matata, «'Yar nan, da na san haka yake da tuni na sa an kawo ni.» Matakalar tana da tsawo ga tsoho, don haka a ware mutum biyu masu ƙarfi da za su taimaka wajen sauka da hawa, kuma kada a gaggauta.

Sai dai kyawun ruwan ne haɗarinsa. Zurfinsa a wasu wurare ya kusa mita 2, kuma saboda ana ganin ƙasansa garau sai ido ya ɗauka bai kai haka ba, ga shi yawancin yaranmu na cikin gari ba su iya iyo ba. Kamfanin ya rubuta cewa zai zo da rigunan da ke hana yara nutsewa, amma da muka tambaya sai aka ce an manta su a ofis, kuma wannan ne laifin da na kasa yafe musu, domin jinkirin mota gajiya kawai yake jawowa, wannan kuwa batu ne na rai. Dole muka raba yaran, kowane babba ya riƙe yaro ɗaya ko biyu a gefen da ba shi da zurfi, ba wanda ya ɗauke ido. Akwai kuma batun sutura da cakuɗuwa, wanda iyali irin namu ba za su yi wasa da shi ba. A ranakun hutu da lokacin bukukuwan Salla wurin yakan cika da baƙi daga ko'ina, kowa da irin shigarsa, saboda haka matanmu suka zaɓi sauka da sassafe kafin jama'a su taru, da tufafin da suka rufe jiki. Mai shirya tafiya da ya san mutanen da yake yi wa hidima zai sa wannan a tsarinsa tun farko ba sai an roƙe shi ba.

Akwai wuraren tarihi a cikin dajin, kamar kogwannin Marshall guda 59 da mutanen zamanin da can suka sassaƙa a jikin dutse, da rijiyoyin Dukkey, waɗanda samarin cikinmu suka je suka dawo suna ba da labari. Ga yaro ƙarami da tsohuwa kuwa ban ga dalilin ƙara musu wata tafiyar ba, ɗan gidan adana kayan tarihi da ke cikin sansanin ya ishe su, kuma yaran sun daɗe a gaban ƙasusuwa da fatun dabbobin da aka ajiye a ciki suna jero tambayoyi.

Ga iyalin da ba su da mota babba, ko waɗanda ba su saba da hanyar ba, ɗaukar irin wannan kamfani yana da amfani, domin ya sauke mana nauyin girki da neman ɗaki da lissafin kuɗin shiga. Amma zan so duk wanda zai ɗauke su ya je ofishinsu da kansa kafin ranar tafiya, ya ga motar da idonsa, ya sa a kunna na'urar sanyin a gabansa, ya ƙirga rigunan ruwan yara, ya tambayi halin da hanya take ciki a wannan makon, ya kuma sa a rubuta cewa fita kallon dabbobi da safe ne ko da la'asar. Kada a biya kuɗin duka a gaba, a riƙe wani kaso sai an dawo, kuma a dage a kwana a can, domin zuwa da dawowa a yini ɗaya da ƙananan yara ba zai bar musu lokacin da ya ishe su a bakin ruwan Wikki ba.