Lens 150-600mm: da rana jarumi, da yamma sai lalube

A gwajin farko wannan lens ɗin na kyamara, mai jawo abin da ke nesa, ya ɓata min rai ƙwarai. Ɗan wasa yana tahowa da gudu, a danna maɓalli, sai fokas ya tafi can nesa, ya dawo kusa, ya sake komawa, kafin ya kama an wuce wurin. Hotunan su fito ciyawar da ke bayansa tar, fuskar kuwa dishi-dishi. Wannan alamar ita ce abin lura: in wani abu a hoton ya fito da kaifi, fokas ne ya sauka inda bai dace ba. In babu abin da ya fito da kaifi, galibi saurin shata (labulen da ke buɗewa ya rufe yayin ɗauka) ne ya yi ƙasa, ba laifin lens ba ne. Mai gudu yana son 1/1000 na daƙiƙa, tsuntsu a sama 1/2000.

Gaskiya rabin laifin na saiti ne. Kyamara tana kan AF-S, wanda ke kulle fokas sau ɗaya ya tsaya, alhali abin da ke motsi yana buƙatar AF-C, wanda wasu kyamarori ke kira AI Servo. Sai ɗan makunnin da ke gefen lens mai taƙaita tazara, wanda mutane da yawa ba sa taɓawa. A kan FULL injin fokas yana bin tazarar gaba ɗaya yana nema. Da aka mai da shi mita 10 zuwa nesa, laluben ya ragu sosai, domin hanyar da gilasan ciki za su bi ta gajarta. Na kuma bar zaɓin duk fuskar hoto na koma ƙaramin rukunin ɗigon fokas a tsakiya, na rage saurin da fokas ke tsallakawa ga sabon abu, don kada ya bi duk wanda ya gitta. Fokas ɗin ma na mai da shi kan maɓallin AF-ON na baya, babban yatsa na riƙe da shi, manuniya na ɗauka.

Bayan haka, da rana tsaka, ba ni da ƙorafi. Abin da ke wucewa ta gefe yana kama shi ya riƙe gam, har na fara jin kunyar zagin da na yi masa.

Amma rana na yin sanyi halinsa ke dawowa. A 600mm ƙofar haske ba ta buɗewa fiye da f/6.3 (lambar f na girma, haske na raguwa), kuma na'urar fokas da hasken da ya ratso lens take aiki. Ɗaga ISO, wato saitin ƙarfin jin haske na kyamara, yana haskaka hoto, ba ya ƙara wannan hasken. Kada ma a yi maganar ƙara masa abin ninka tsawo na 1.4: ya koma f/9, kuma kyamarorin DSLR (masu madubi a ciki) da yawa fokas ɗinsu ba ya aiki bayan f/8. Tacen polaraiza, gilashin rage ƙyalli da ake sa wa a gaban lens, ma a cire, yana cinye haske.

Abin da har yanzu ke ci min rai shi ne mai tahowa kai tsaye. Ko da an sabunta manhajar lens, injinsa ba ya cim masa, fokas yana sauka a bayan ido, kan kafaɗa ko kunne. Dabarar da ta rage ita ce a ja zum baya zuwa 400mm, a kama shi tun yana nesa, a riƙe AF-ON kamar daƙiƙa ɗaya kafin a fara ɗauka. Mai ɗaukar wasan dare ko na cikin zaure ya nemi lens 70-200mm f/2.8, wannan ba nasa ba ne.